Kama da Wane Ba Ta Wane: Darasin Kwaikwayo da Ƙungiyoyin Bogi

Gabatarwa

A ilmin halittu akwai babin da ake kira kwaikwayo, wato yadda wata halitta take ɗaukar kamannin wata domin ta tsira ko ta sami abinci. Henry Walter Bates, wani masani ɗan Ingila, ya bayyana shi a 1862, bayan ya shafe shekara 11 yana nazarin ƙwari a dajin Amazon. Ya lura cewa wasu malam-buɗe-littafi marasa ɗaci suna da launi irin na masu ɗaci, don haka tsuntsaye suke ƙyale su.

Akwai kuma kwaikwayon farauta. A Arewacin Amurka ana samun maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare, na jinsin Photuris. Macensa takan kwaikwayi walƙiyar macen wani jinsin, Photinus. Da namijin Photinus ya sauko yana zaton ya sami abokiyar barbara, sai ta cinye shi. James Lloyd ya yi bayanin wannan a 1965.

Daga Ƙwari Zuwa Mutane

Wannan dabara ce ƙungiyoyin bogi suke amfani da ita. Rikicin da ya ɓarke a Arewa maso Gabashin Nijeriya a 2009 ya jawo ƙungiyoyin agaji masu yawa zuwa Maiduguri da kewaye, matasa kuma suka ɗora buri a kan aikinsu. 'Yan damfara sai suka ari suna, da tambari, da takarda mai hatimi, suna aika wa masu neman aiki da masu son aikin sa-kai ta waya.

Ƙa'idar da ya kamata ɗalibi ya riƙe ita ce: mai kwaikwayo yakan ari abin da yake da sauƙin aro ne kawai. Tambari ba shi da wuyar kwafa. Ofis tsayayye, da ayyukan da jama'a suka gani da idonsu, da ma'aikatan da aka sani, su ne masu wuya. Saboda haka a can za a yi gwaji.

Gwaje-gwaje Huɗu

1. Ina kuɗi suka nufa? Ma'aikaci ake biya, ba shi yake biya ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sha bayyana cewa ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar aiki. Duk wanda ya nemi kuɗin fom, ko na horo, ko na riga, musamman ta asusun mutum ɗaya, ya faɗi gwajin.

2. Tana da rajista? A Nijeriya hukumar CAC ce take yi wa irin waɗannan ƙungiyoyi rajista, kuma ana iya binciken suna a shafinta na intanet. Amma rajista kaɗai ba ta isa ba, domin ɓarawo yana iya aron sunan ƙungiyar gaskiya.

3. Daga ina saƙon ya fito? Adireshin UNICEF yana ƙarewa da unicef.org, na Hukumar Lafiya ta Duniya da who.int. A duba harafi bayan harafi. Kada a kira lambar da ke cikin saƙon. A nemo ta ofishin ta wata hanya dabam, ko a je da ƙafa.

4. Me ya kawo gaggawa? Aiki ba tare da ganawa ba, da albashi mai tsoka, da wa'adin kwana ɗaya, duk tarko ne na hana tunani. Kada a ba kowa lambar sirrin katin banki ko lambar da banki ya turo ta waya.

Kammalawa

Masanin kimiyya ba ya yanke hukunci da gwaji ɗaya. Sai hujjoji sun haɗu. Wanda aka riga aka cuta kada kunya ta rufe masa baki. Ya adana saƙonni da shaidar biya, ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai wannan laifi.

Aikin Aji

Malami ya rubuta tallan aiki guda biyu a allo, ɗaya na gaskiya, ɗaya na bogi. Ɗalibai su bi gwaje-gwajen nan huɗu, su rarrabe su, kowa ya kawo hujjarsa.