Darasi: Shin hukuma na da ikon wajabta allurar rigakafi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Bayan haka:

Ya ku ƴan uwa Musulmi, a shekarar 2020 cutar korona ta hana maniyyatan ƙasashen waje sauke farali. A 2021 mutum 60,000 mazauna Saudiyya kaɗai aka bari, dukkansu da shaidar rigakafi. A 2022 aka buɗe wa mutum miliyan ɗaya ƙofa bisa sharaɗin allura. Wasu suka ce: yaya za a gindaya wa ibada sharaɗin da babu shi cikin littattafan fiƙihu?

Amsar tana cikin tarihin magabata. A zamanin annobar Amwas, shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya nufi Sham. Da ya isa Sarag ya sami labarin cutar, sai ya yi shawara da Sahabbai, ya juya da jama'a Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya shaida cewa Annabi (S.A.W.) ya hana shiga garin annoba, ya kuma hana fita daga cikinsa.

Daga nan muke fahimtar cewa shugaba na da ikon taƙaita walwalar mutane domin tsare rai, wanda yake ɗaya daga cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo ta kiyaye. Cuta mai yaɗuwa ba ta tsaya ga mai ita: wanda ya ƙi rigakafi yana iya kai ta ga maƙwabcinsa a sahu.

Amma ikon nan amana ne. Ba mu manta da sanƙarau na 1995 ba, lokacin da aka gano jabun allura cikin waɗanda aka shigo da su Nijar. Don haka wajibi ne hukuma ta tantance magani, ta faɗi gaskiya game da amfaninsa da illarsa, ta sauƙaƙa shi ga talaka, ta ɗauke wa wanda likita ya ce zai cutu, ta kuma janye tilas idan annoba ta wuce.

Namu shi ne mu tambayi masana, mu bar yaɗa jita-jita, mu riƙi sababi sannan mu dogara ga Allah, domin Shi ne Mai warkarwa.

Allah Ya kare mu daga annoba, Ya shiryi shugabanninmu. Wallahu a'alamu.