Darasi na Bakwai: Yadda Kwamfuta Ke Rubuta Bayanai a Faifai Idan Ƙwaƙwalwarta Ta Cika

Gabatarwa

Galibi ana ɗauka cewa da zarar an danna umarnin adanawa, aiki ya shiga faifai ke nan. A wannan darasi za a nuna cewa akwai tazara tsakanin danna umarnin da isar bayanan ga faifai, kuma a cikin wannan tazara ce ake yin asara.

Ma'ajiyar Wucin Gadi

Ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, ta fi faifai sauri nesa ba kusa ba, amma duk abin da ke cikinta yana ɓacewa da zarar wuta ta ɗauke. Saboda saurin, babbar manhaja takan fara ajiye bayanai a cikinta, a shafuka masu girman bayit 4096 a yawancin kwamfutoci. Shafin da aka sauya amma bai isa faifai ba shi ne shafi mai jira. A manhajar Linux, bisa tsarin asali, irin wannan shafi yakan jira kimanin daƙiƙa 30 kafin a kai shi faifai.

Lokacin Ƙarancin Wuri

Idan wuri ya yi ƙaranci, manhajar takan fara zubar da shafukan da ke da kwafi a faifai. Masu jira kuwa dole a rubuta su tukuna. Idan sun kai kashi 10 cikin 100 na wurin da ake iya amfani da shi, rubutu yakan fara a bayan fage. Idan suka doshi kashi 20, sai a rage wa manhajar da ke rubutun gudu. Wannan ne ya sa kwamfuta ke yin nauyi yayin kwafe babban fayil.

Misali

A shekarar 2009 wasu masu gwajin Ubuntu 9.04 sun tarar da fayilolinsu babu komai a ciki bayan kwamfuta ta tsaya ba zato, domin tsarin ext4 yana jinkirta ware wa bayanai wuri a faifai. An rage matsalar a Linux 2.6.30.

Kammalawa

Malamin da ya shigar da sakamakon jarrabawa ya kamata ya kashe kwamfuta bisa ƙa'ida, kuma kada ya zare filas sai manhaja ta nuna ta gama rubutu.

Auna Fahimta

1. Mene ne shafi mai jira?
2. Me ya sa kwamfuta ke yin nauyi yayin kwafe babban fayil?