Darasi: Karanta Tsohuwar Taswira

Taswira hoton ƙasa ce a kan takarda. Yadda muka koyi baƙaƙe, haka za mu koyi alamominta. Yau za mu dubi tsofaffin taswirorin wata jiha ta Amurka, sunanta Nebada.

Nebada ƙasar duwatsu ce. Duk Amurka babu jihar da ta fi ta ƙarancin ruwan sama. Turawan da suka zauna can a dā, waɗansu makiyayan shanu da tumaki ne, waɗansu masu haƙar azurfa da zinariya.

A shekarar 1879 gwamnatin Amurka ta kafa ma'aikatar safiyo. Masu safiyo suka shiga duwatsu da dawaki da alfadarai. Suka auna tudu da kwari, suka zana.

To, mu dubi launuka. Layuka masu ruwan ƙasa suna nuna tsawon tudu. In sun matsu da juna, wurin yana da wuyar hawa, dabba mai kaya ba ta bi. In sun yi nesa da juna, fili ne. Baƙi yana nuna aikin mutum, wato hanya da gida da ramin haƙa. Shuɗi shi ne ruwa. In layin shuɗi ya tsintsinke, rafin yana ƙafewa. Makiyayin da bai gane wannan ba, sai ya kai garkensa ya tarar da yashi.

Taswira tana tsufa. A 1904 aka sami zinariya a kudancin Nebada. Nan da nan gari ya kafu, ana ce masa Rayolait. Mutane dubbai suka taru, har jirgin ƙasa ya zo. Da arzikin ramin ya ƙare, sai kowa ya watse. A 1920 garin ya riga ya zama kufai. Dutsen yana nan, amma wanda ya bi tsohuwar taswira yana neman kasuwa, sai ya kwana da yunwa.

Saboda haka in mun ɗauki taswira, mu fara neman shekarar da aka yi ta. Sa'an nan mu nemi ruwa.

Tambayoyi
1. Me shuɗi yake nunawa?
2. Don me mutanen Rayolait suka watse?
3. Ku zana hanyar da ta tashi daga gidanku zuwa rijiya.