Masu Kallo ne Suka Raɗa wa Film Noir Suna

A zamanin mamayar Jamus an hana nuna finafinan Amurka a Faransa. Sai a 1946 masoya silima a birnin Paris suka kalli The Maltese Falcon na 1941 da Double Indemnity na 1944 a jere. Manazarci Nino Frank ya kira su film noir, wato baƙin fim, bisa la'akari da duhun zuciyar taurarinsu. Waɗanda suka shirya su ba su san sunan ba, shi ya sa masana ke jayayya har yau: nau'i ne, ko salo? Shi kansa Billy Wilder, daraktan Double Indemnity, a Balin ya koyi sana'ar kafin ya guje wa Hitila a 1933.