Idan Karatu Yana Yankewa: Darasi Kan Gano Matsalar Wi-Fi a Gida



'Yan'uwa maza da mata, shugabannin ƙungiya sun nemi duk wanda ya karanci wani fanni a cikinmu ya riƙa rubuta abin da zai amfani jama'a. Ni injiniyan sadarwa ne, kuma darasin yau ya samo asali ne daga abin da ya faru a cikin gidana.

A azumin bara mahaifiyata ta zo ta yi mana wata uku a nan Ingila. Idanunta sun yi rauni, ba ta iya daɗewa a kan Mus'hafi, don haka da kunne take bin karatu. Na saya mata lasifika mai haɗuwa da Wi-Fi, na ajiye a falo, na zaɓa mata sauti mafi inganci da manhajar ke da shi. Kullum da yamma, ana saura kamar rabin awa a sha ruwa, sai karatun ya riƙa tsayawa a tsakiyar aya, ya yi shiru na daƙiƙa biyar ko goma, sannan ya ci gaba. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Wata rana dai na ji tana ce wa maiɗakina, "Bar shi kawai, 'yar nan, rediyona na gida bai taɓa yi mini haka ba." Maganar ta yi mini nauyi. Abin da na fara yi kuwa shi ne kuskuren da yawancin mutane ke yi: na kira kamfani, na ƙara kuɗin wata, aka ƙara mana gudun intanet. Babu abin da ya canza. Daga nan ne na zauna na bi matsalar daki-daki yadda nake yi a wurin aiki. Ga matakan, kuma ko karatu mutum yake saurare, ko tafsiri, ko ƙasida, ko waƙa, lissafin ɗaya ne.

Nawa sauti yake ci?

Sautin faifan CD ana ɗaukar samfurinsa sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane samfuri bit 16, a ɓangare biyu, hagu da dama. In aka ninka, za a samu bit 1,411,200, wato kusan megabit 1.4 a daƙiƙa. Sautin da ake kira mai babban inganci, na bit 24 da samfuri 96,000, yana cin megabit 4.6. Mafi girman da aka saba samu, mai samfuri 192,000, yana cin megabit 9.2. Tsarin FLAC da yawancin manhajoji ke amfani da shi yana matse wannan ya rage shi sosai ba tare da an zubar da komai ba. MP3 kuwa ba ya wuce kilobit 320.

Ke nan gidan da ke samun megabit 50 ya fi ƙarfin kowane irin sauti nesa ba kusa ba. In har ana yankewa a irin wannan gida, to yawan abin da ke shigowa ya isa, abin da ya samu tangarɗa shi ne isowarsa a kan lokaci.

Bayanai suna tafiya ne a ƙananan ƙunshi, ɗaya bayan ɗaya. Lasifika tana da ɗan rumbu inda take tara sautin daƙiƙu kaɗan kafin ta fitar. Muddin ana zubawa a rumbun daidai da yadda ake ɗiba, ba za ka ji komai ba. In ƙunshi suka ɓace a hanya ko suka makara har rumbu ya ƙare, sai shiru. Sauti mai babban inganci ya fi saurin cinye rumbu, domin wurin da zai ɗauki daƙiƙa talatin na MP3 ba zai ɗauki ko rabin haka na wancan ba. Shi ya sa matsalar da ta daɗe a ɓoye take bayyana ranar da ka ɗaga inganci.

Mataki na farko: a raba laifi

Hanyar sauti kashi biyu ce: daga duniya zuwa rauta, wato akwatin da kamfani ya kawo, sannan daga rauta zuwa lasifika ta iska. Kafin a taɓa komai sai an san a wane kashi ɓarakar take.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a haɗa lasifikar ko kwamfuta da rauta ta kebul, a saurara a daidai lokacin da aka saba samun yankewa. In ya tafi sumul, laifin na iska ne. In ya ci gaba da yankewa, a nemi kamfani ko a duba manhajar.

Gwaji na biyu ana yin sa da umarnin ping. A kai kwamfuta kusa da lasifika, a buɗe taga biyu ta rubuta umarni. A ta farko a aika ping zuwa adireshin rauta, wanda galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, kuma yakan kasance a rubuce a jikin akwatin. A ta biyu a aika zuwa 8.8.8.8 na Google. A Windows a ƙara -t a ƙarshe don kada ya tsaya. A bar su minti goma sha biyar. Wi-Fi mai lafiya yana amsawa daga rauta cikin ƙasa da milisakan goma. In amsar rauta tana tsalle zuwa ɗaruruwa ko tana ɓacewa, matsalar a cikin gida take. In ta rauta tana nan daram amma ta waje ce ke tsalle, to daga bakin ƙofa zuwa waje ne.

Ka'ida ɗaya nake roƙo a kiyaye: a canza abu ɗaya, a gwada, a rubuta sakamako da lokaci, sannan a matsa. Wanda ya canza abu biyar a dare ɗaya, ko ya dace ba zai san abin da ya yi magani ba.

Mataki na biyu: ƙarfin sigina da mazaunin rauta

Sandunan da ke saman waya ba ma'auni ba ne abin dogaro. Ana auna sigina da dBm, lamba ce mai alamar ragi, kuma ƙaramar lamba ita ce mai ƙarfi. A Mac, in ka danne maɓallin Option ka taɓa alamar Wi-Fi za ka gan ta. A wayoyin Android akwai manhajojin aunawa kyauta. Kusa da rauta za ka ga kamar -40. Har zuwa -60 lafiya lau. Masu aikin sadarwa sukan ɗauki -67 a matsayin iyakar abin da ya dace da murya. Daga -75 zuwa -80 sai haƙuri. A lura cewa raguwar 3 tana nufin ƙarfi ya ragu da rabi, raguwar 10 kuwa kashi ɗaya cikin goma ne ya saura.

Da yawanmu a Ingila muna zaune a tsofaffin gidajen jan bulo masu jere da juna. Bulo, kankare, ƙarfe, madubi da ruwa duk suna shanye sigina. Rauta tana son sarari: a tsakiyar gida, a kan kanta ko tebur, nesa da ƙasa, ba a cikin kabad ba, ba a bayan talabijin ba. Tawa a bayan talabijin take, a ƙasa, saboda na ga ta ɓata adon falo.

Mataki na uku: zango da layi

Waɗanda suka tashi da sauraron gajeren zango sun san yadda tasha ke hawa kan tasha. Wi-Fi ma rediyo ne. Zango biyu aka fi amfani da su: na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5.

Zangon 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma kasuwa ce. Yana da layi 13 a Turai, 11 a Amurka, sai dai layukan suna shiga juna, uku ne kaɗai aka saba ɗauka a matsayin waɗanda ba sa taɓa juna: 1, 6 da 11. Ga maƙwabta ta hagu da dama kowa da rautarsa. Ga Bluetooth a zangon, ga wasu na'urorin sauraron jariri. Uwa uba, maikirowef na ɗumama abinci yana aiki a kan gigahaz 2.45, a tsakiyar zangon ke nan.

Tsarin Wi-Fi kamar majalisin dattawa yake: mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, kowa sai ya saurara ya ji an yi shiru kafin ya buɗe baki. In hayaniya ta cika wurin, kowa jira yake. Haka kuma in akwai tsohuwar na'ura mai jan magana a can ƙuryar gida, tana cin lokacin kowa.

Maganin farko shi ne a mai da lasifika zangon 5 in tana iyawa kuma sigina ya kai. Rautoci da yawa suna haɗa zangon biyu da suna ɗaya, suna tura na'ura daga wannan zuwa wancan yadda suka ga dama, kuma a wannan sauyin sauti kan yanke. A shiga shafin saitin rauta a ba kowane zango sunansa. In dole sai 2.4, a duba da manhaja wanne ya fi sarari a cikin 1, 6 da 11, a kafe a kansa, faɗinsa kuma a bar shi a megahaz 20.

Zangon 5 ma yana da nasa tarko. Layukan 52 zuwa 64 da na 100 zuwa 140 ana tarayya a kansu da na'urorin rada, irin na hasashen yanayi da na soja. Doka ta wajabta wa rauta ta bar layin nan take in ta ji alamar rada, kuma kafin ta fara aiki a irin wannan layi sai ta saurara na minti ɗaya. A Turai, a layukan 120 zuwa 128, sauraron minti goma ne. Wanda Wi-Fi ɗinsa ke ɓacewa ɗungurungum ba zato sannan ya dawo, ya gwada layukan 36 zuwa 48, waɗanda wannan doka ba ta shafe su ba.

Mataki na huɗu: cunkoson cikin gida

Yawancin layukan gida gudun saukewa ya fi na aikawa nesa. Idan wayoyi suka fara tura hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet, ko wani yana aika bidiyon biki ta WhatsApp, hanyar fita takan cika. Rauta sai ta tara ƙunshi a dogon layi, har ƙananan saƙonnin da lasifika ke aikawa don tabbatar da abin da ta karɓa su maƙale a baya. Mai aiko da sautin sai ya rage gudu. Alamar wannan ita ce ping na waje ya haura yayin da na rauta yake lafiya. In rauta tana da saitin QoS ko SQM, a kunna shi, a sa iyakar gudu ƙasa kaɗan da abin da layin ke bayarwa. In babu, a mai da tura hotuna zuwa tsakar dare.

Mataki na biyar: ta ina sautin yake bi?

In waya ce ke sauko da sauti sannan ta miƙa wa lasifika ta Wi-Fi, kamar yadda AirPlay ya saba yi, kowane ƙunshi zai ratsa iska har sau uku: rauta zuwa waya, waya zuwa rauta, rauta zuwa lasifika. In kuwa lasifikar ce ke saukowa da kanta, waya tana ba da umarni kawai, kamar a Chromecast da Spotify Connect, sau ɗaya ne. Bluetooth kuma ba ya ɗaukar cikakken sauti mai babban inganci. Ko tsarin LDAC na Sony iyakarsa kilobit 990, ƙasa da na CD. A kuma tabbata waya da lasifika suna kan Wi-Fi ɗaya, domin sashen baƙi yakan hana na'urori ganin juna.

Ga masu babban gida: ƙaramin akwatin ƙara sigina da ke karɓa ya maimaita a layi ɗaya yakan raba gudu biyu. In za a sa, a ajiye shi a tsakiyar hanya inda sigina ke da ƙarfi, ba a ɗakin da ya mutu ba. Abin da ya fi duka shi ne kebul. Nau'in Cat5e yana ɗaukar gigabit ɗaya har tsawon mita 100, ba ruwansa da maƙwabci ko bango. Duk na'urar da ba ta motsi, kebul ya fi dacewa da ita.

Abin da na tarar a gidana

Siginar wurin lasifika -72 ce, a zangon 2.4, kuma bango ɗaya ne tsakaninta da kicin. Da na duba takardar da nake rubuta lokutan yankewa, sai na ga duk sun faɗa a rabin awar da ake ɗumama kunu da miya. Na kunna maikirowef ina kallon ping, nan take amsa ta fara ɓacewa. Na ɗaga rauta na ɗora a kan kanta, na raba sunan zango, na mai da lasifika layi na 36. Sigina ta koma -55. Ban kashe ko sisi ba, kuma na koma na soke ƙarin kuɗin da na yi.

Saura tambaya ɗaya da ya kamata mutum ya yi wa kansa: ina bukatar wannan inganci kuwa? Kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya wuce kimanin hez 20,000, kuma yana raguwa da shekaru, alhali ingancin CD yana kamawa har 22,050. Karatun da Hajiya ta fi so na Sheikh Mahmud Khalil al-Husari ne, wanda ya ɗauki cikakken Alƙur'ani murattali a Masar a 1961. Saka irin wannan tsohon ɗauka a ma'aunin 192,000 ba zai ƙara masa abin da babu a cikinsa tun asali ba. Saukar da inganci zuwa na CD ba asara ba ce. Abin da ake saurare kullum kuma, gara a sauke shi a ajiye a cikin waya gaba ɗaya, yadda ko intanet ya ɗauke karatu ba zai tsaya ba. Haka na yi wa Hajiya kafin ta koma gida, na zuba mata izu sittin a wayarta.

Ta sauke a daren ashirin da tara ba tare da an yanke mata aya ba. Da na je gaishe ta da asuba ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, ashe karatun naka yana da rana."

Wanda ya bi matakan nan bai dace ba, ya zo da takardar da ya rubuta lokuta da lambobi ranar taronmu na wata, mu duba tare. Allah Ya amfanar da mu da abin da muka sani, Ya sa mu ji, mu kuma yi aiki da abin da muka ji.