Ƙarar Ƙafar Mota a Kan Gargada: Ba Kullum Ba Ne Laifin Shokozoba

Da wuya rana ta fito ta faɗi a garejin masu gyaran ƙafar mota ba tare da wani direba ya shigo da hukuncinsa a baki ba: "Oga, shokozoba ce ta mutu, a sauya min." Abin da ya sani kawai shi ne motar na ƙara idan ta faɗa rami ko ta hau tudun rage gudu. Wani ma ya riga ya biya ta Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya sayo guda biyu ya ajiye a but. Sau da yawa idan aka ɗaga motar, sai a tarar shokozoba lafiyarta ƙalau, ɗan ƙaramin ƙarfe ne a gefenta ya saki.

Kowane ɓangare na ƙafar mota yana da irin kukansa. Ƙwas-ƙwas mai sauri a kan hanyar burji ko kwaltar da ta farfashe, musamman a ƙaramin gudu, yawanci linkej ne, wato siririn sandan da ke haɗa stabilaiza da ƙafa. Shi ne ya fi kowa surutu, kuma yana cikin mafi arha. Dum mai nauyi idan an taka birki ko an tashi da mota yana nuna bushin ɗin lowa am ya tsage. Ƙara daga sama, kusa da gilashin gaba, idan ana murza sitiyari a tsaye, daga mazaunin shokozoba take fitowa. Ƙiiƙii kamar tsohuwar ƙofar langa-langa kuwa, bol joyin ne ya bushe, kuma a nan haɗarin yake.

Makaniken da ya san aikinsa ba ya kwance noti sai ya gwada. Zai danna kowace kusurwar mota da ƙarfi ya saki. Idan ta taso sau ɗaya ta tsaya, shokozoba na aiki. Idan ta ci gaba da lilo, ko aka ga mai ya jiƙa jikinta, to ta gaji. Daga nan sai a sa jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza: wasa a nan na bol joyin ne ko boris. A kama ta hagu da dama: wasa a nan na tayarod ne. Sai a sa ƙarfen ɓanɓare taya a motsa kowane bushin a ga ko robar ta rabu. Kafin duk wannan, akan leƙa but da ƙarƙashin mota, domin safayar da ba a ɗaure ba ko salansar da robarta ta tsinke sun sa mutane da yawa kashe kuɗi a banza.

Honda Accord ta 2003 zuwa 2005, wadda ake kira EOD, ta isa misali kan haɗarin bol joyin. Wanda ke bin titunan Kano, Kaduna ko Abuja ya taɓa ganinta durƙushe a tsakiyar hanya, tayar gaba ta kwanta a gefe. A tsarin ƙafarta, nauyin gaban mota yana rataye ne a kan bol joyin na ƙasa, saboda haka idan ya cinye sai ya zare baki ɗaya. A Corolla da Camry nauyin na bi ta sifirin da shokozoba zuwa bodi, shi ya sa ba a cika ganin haka a kansu ba. Kafin ya zare, bol joyin yakan yi 'yar ƙara, sitiyari ya yi tauri, amma rediyo da hira sukan danne gargaɗin.

Abin da ke kashe shi robar da ke rufe giris ce. Da ta yage, ƙurar hunturu da ruwan damina suka shiga, sai ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Lodin da ya wuce kima da iskar taya mai yawa suna ƙara gaggauta lalacewar. Wasu masu faci kan buga wa ƙaramar mota iska 45 ko 50, alhali takardar da ke manne a jikin ƙofar direba yawanci tsakanin 30 da 35 take nunawa.

A wajen gyara akwai ƙa'idoji. Shokozoba da linkej bibbiyu ake sauya su, hagu da dama. Ba a ɗaure notin bushin tamau mota na rataye a jak, sai an sauke ta ta zauna kan tayoyinta, in ba haka ba sabuwar robar za ta murɗe ta tsage da wuri. Duk aikin da ya taɓa tayarod ko lowa am, a bi shi da alaimen, don kada taya ta cinye ta gefe ɗaya. Bol joyin da ya yi wasa ba a bubbuga shi da guduma, ba a yi masa walda, ba a cusa masa roba. Sabo mai inganci ake sawa. Idan na Beljiyam za a saya, a duba robarsa, a motsa kansa da hannu, wanda ke juyawa sakaka a mayar wa mai shi.

Mai mota ya kashe rediyo, ya sauke gilashi, ya lura da gefen da ƙarar ke fitowa da irin hanyar da take tashi a kai, sannan ya nemi a girgiza tayoyin a gabansa kafin ya sayi komai. Masu shirin doguwar tafiya, musamman masu Accord, su sa a duba musu bol joyin kafin su ɗauki iyali.