Haƙƙin Mai Taɓin Hankali a Musulunci

Hankali shi ne sharaɗin taklifi. Saboda haka Shari'a ta ɗauke alƙalami daga kan wanda hankalinsa ya gushe har ya farfaɗo. A mazhabar Malikiyya ba ya rama sallar da lokacinta ya fita yana cikin ciwon, amma yana rama azumi. Sakinsa ba ya aukuwa, kuma waliyyinsa ke tsare dukiyarsa.

Mai wannan ciwo yakan ji muryoyin da babu su, ko ya sakankance ana farautarsa. Gado, da tsananin baƙin ciki, da kaɗaici, da shan wiwi suna daga cikin sabubbansa.

Magabata ba su yasar da irinsa ba. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. A 1954 kuma Likita Lambo ya zaunar da majinyata a gidajen ƙauyen Aro, kusa da Abekuta, kowanne da ɗan'uwansa, ana yi musu magani cikin jama'a.

To, ɗaure shi da mari, da dukansa, da barin yara su jefe shi, zalunci ne. A kai shi asibiti, a haɗa da addu'a, a zauna da shi, a saurare shi. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.